Hannun da Ya Saki Gilashi

Laraba, mako na shida da yankewar hannunka

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga yayarka, wadda rabonta da rubuta wasiƙa tun tana 'yar makaranta. Ya jikin? Ya hannun? Ya Amarya da ɗawainiya? Ka gaishe min da Inna, ka ce mata maganin ƙafar nan ba na ado ba ne, ta riƙa sha. Mu nan lafiya lau, in ban da tarin da ya zagaye ajina ya kuma biyo ni gida. Baban yara yana yi maka sannu.

Na san kana juya takardar nan kana cewa Yaya ta fara rikicin tsufa, ga waya a hannu me ya kawo wasiƙa? To saurara.

Jiya na kira Amarya na tsare ta da tambaya, har ta faɗa min abin da ka ɓoye. An cire maka robar da aka ɗaure hannun da ita. Likitar gashin ƙashi ta ce jijiyoyin yatsu ukun da aka ɗinke sun kama, amma yanzu aikin ya fara. Kowace awa ka lanƙwasa su sau goma, ka miƙe su sau goma, kuma kullum ka riƙe biro ka yi rubutu. Ta ba ka mako shida. In yatsun ba su sauko sun taɓa tafin hannu ba a cikin wannan lokacin, tabon zai manne da jijiyar, su ƙage a haka. Ni kuwa da na tambaye ka cewa ka yi, "Ai an gama, Yaya, sai hutu." Hutun me, Auta? Mai yankan gilashi da hannun dama a ƙage, ina za shi?

Kuma ina ganinka. Ɗan koren ɗigon nan da ke nuna mutum yana kan waya ba ya mutuwa a gefen sunanka. Na shiga aji kana nan, na fito hutun ƙarfe sha ɗaya kana nan, na tashi kana nan, kamar an ɗauke ka gadin wurin. Amarya ta ce har abinci da hannu ɗaya ake ci, ido na kan allon waya. Kada ka ce ai ni ma ta yaya nake ganinka in ba ina kai ba. Nawa daban ne, ni leƙawa nake yi in fita.

Ga hukuncin da na yanke. Daga yau ba ni ba maganar hannunka a waya, ko ka ɗauko ta ba zan amsa ba. Na kuma daina turo maka bidiyoyin nan da nake turowa a hutuna. Duk abin da za ka faɗa min, ka faɗa da biro, da hannun da aka ɗinke. Ƙanin Baban yara, direban babbar motar nan, yana bi ta garinku duk Asabar ya dawo nan Litinin. Shi ne gidan wayarmu.

Ba na neman rubutu mai kyau. Ko layi uku ne, ko ya yi kama da sawun kaza, ina so. Amma ka sani, shekara goma sha bakwai ke nan ina koya wa yara 'yan shekara shida riƙon fensir, kai ma a hannuna ka koya. In bakinka ya yi min ƙarya, rubutunka ba zai yi ba.

Hankalina ba a kwance yake ba. Garin nan ya yi min nisa da ku fiye da kullum.

Yayarka


Asabar

Zuwa ga Yaya Malama,

Amin, wa alaikis salam. Na karɓi takardar sammaci, kuma ga ni na bayyana a gaban kotu. Ya yara, ya tarin? Ya Baban yara da haƙuri da ke? Inna ta ce in gaya miki ita ta haife ki, ba ke kika haife ta ba. Amarya kuwa tun da na gane ita ce 'yar leƙen asirinki take kewaya ni da fara'a.

Hannu da sauƙi, alhamdu lillahi. Likitar gashin nan na sa mata suna Saja. Gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta kama yatsana ta lanƙwasa sai na ga ɗakin ya yi fari. Tana da 'yar rula a aljihun riga. Sai ta ce, "Dunƙule," in dunƙule iyakar ƙarfina, ta auna tazarar da ke tsakanin kan yatsa da tafin hannu ta rubuta. Ina mata raha ba ta ko murmusawa. Ranar nan na ce mata, "Ranki ya daɗe, a gida ma haka kike?" Ta ce, "A gida suna jin magana. Dunƙule."

Kin sha tambayata yadda abin ya faru ina kaucewa, to tunda takarda ce bari in faɗa. Gilashin ƙofar wani kanti ne, ya fi ni tsawo. Irinsa mutum biyu ke ɗauka a tsaye, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma na baya shi ke ƙirga taku da baki don kada ƙafafu su saɓa. Abokin aikina Dogo na gaba, ni ina baya ina cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Daga teburin yanka zuwa mota taku goma sha takwas ne, na yi shi sau dubu. A na sha ɗaya gilashin ya zame ta cikin hannuna. Ban ji zafi ba, sai na ji kamar an zuba min ruwan ɗumi a hannun riga. Dogo ne ya fara ihu, ni ina tsaye ina kallon yatsuna ina ce musu su motsa. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, agogon bangon shago na gabana. Tsautsayi ne kawai.

Yanzu ga ni a ɗaki. Na haddace shi kamar karatu. Fankar sama tana da ɗan ƙara a kowane zagaye na uku. Akwai tsaga a gilashin tagarmu, wadda Amarya ta yi shekara tana cewa in canza, ni mai sana'ar, ina cewa gobe. Ta tagar nake ganin mutane suna sauri da safe, kowa da inda ake jiransa. Inna takan leƙo ta ce, "Ka yi na wannan awar?" in ce na yi. Maigidanmu ya zo sau biyu, ya ce teburina na nan ba wanda ya taɓa.

Maganar waya kuma, Yaya, sai ki ce wani mugun abu. Mutum na kwance ba aiki ba fita, da me zai rage rana? Kuma ke da kike cika zauren dangi na waya da bidiyon mutanen da suka zame a bakin famfo, yau ke ce mai wa'azi? Allah Ya nuna mana.

Ga rubutu nan kin nema, shafi guda da rabi. A duba a ba ni maki.

Ƙaninki, Auta


Juma'a, mako na bakwai

Autan Inna,

Gaisuwa da murna! Muna lafiya, tarin ya tafi, da fatan ku ma haka. Wallahi da na buɗe takardarka a ɗakin malamai sai da na zauna. Ina jiran sawun kaza, sai ga rubutu a jere a kan layi, wasu haruffan ma sun fi na da kyau. Na yi hawaye, ban ɓoye ba. Malamar aji uku ta ɗauka rasuwa aka yi. Na miƙa mata na ce, "Duba, hannun da aka ɗinke wa jijiya uku ne ya rubuta wannan." Takardar ta zagaya ɗakin kaf, har shugaban makaranta ya sa tabarau ya duba. Na ba ka tara bisa goma, ɗayan na cire saboda rashin kunya.

Na kira Inna na ce ta kwantar da hankalinta, ta daina leƙa ka kowace awa kamar jariri. Na ce wa Amarya ita ma ta sassauta maka, mutumin da ya rubuta shafi da rabi ya san abin da yake yi. Na yi maka mummunan zato, ka yafe min.

Labarin gilashin ya hana ni cin abinci ranar. Taku bakwai kacal ya rage ku kai mota. Na yi ta ƙirgawa daga ƙofar aji zuwa allo.

Tunda ka yi abin kirki, na ɗage rabin hukuncin. Bidiyo zai dawo, don na tara maka wasu da za su sa ka riƙe ciki. Amma maganar hannu tana nan a takarda, ba na son ka saba da amsa min da "da sauƙi". Ba ka faɗa min abin da rular Saja ta ce ba. Nawa ne tazarar? Ka rubuto min lambar.

Direba na jira a waje yana danna min oda, sai ka ce shi ke da garin.

Yayarka mai alfahari da kai


Asabar, ƙarshen mako na bakwai

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Ni ne dai ba lafiya ba, kuma ba hannun kaɗai nake nufi ba.

Takardarki ta zo, na karanta na rasa inda zan sa kaina. Da zagina kika yi da ya fi min sauƙi. Yaya, da hagu na rubuta waccan, da hagu nake rubuta wannan. Kin manta bahago aka haife ni? Ke kika zaunar da ni a kan tabarma kina buge min hagu da rula har na koma dama. Ashe hannun bai manta ba, kwana biyu na gwada ya dawo. Hannun dama kuwa ko biro ba ya riƙewa. Na ɗora masa, ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Sai na ji kunya na canza hannu.

Kin tambayi lamba. Santimita biyar ranar da aka cire roba. Wancan makon huɗu da rabi. Wannan makon huɗu da rabi. Saja ta dube ni ta ce, "Ba ka yi." Na ce ina yi. Ta ce, "Ni da yatsa nake magana, ba da kai ba."

Ba ƙin yi nake ba. Nakan sa ƙararrawa a waya ta buga kowace awa. In ta buga sai in ɗauki wayar don in kashe, sai in ga saƙo, sai in ce bari in duba wannan ɗaya. Kafin in ɗago ƙararrawa ta gaba ta buga. Lanƙwasawar akwai zafi, Yaya, zafi sosai, kuma in na kalli yatsun sai gabana ya faɗi. Wayar kuwa ba zafi, kuma muddin ina kallonta ba na tuna ina da hannu. Jiya na ɗauke ta bayan karin kumallo, ban san inda rana ta bi ba sai da Amarya ta dawo daga aiki ta tarar da abincin rana a rufe yadda ta bar shi. In kin tambaye ni me na kalla, ko ɗaya ba zan iya faɗa ba. Na ajiye ta a falo, na dawo ɗaki, ƙafata ta mayar da ni. Aljihuna har motsi yake yi ba waya a ciki.

Tun da kika ce wa Inna ta daina leƙe, ba mai tambayata.

Saura ɗaya, in na yi shiru yanzu ba zan sake samun ƙarfin faɗa ba. A shago akwai gwangwani a bakin ƙofa, kowa na jefa wayarsa ciki kafin ya taɓa gilashi, dokar maigida ce. Ranar ban jefa tawa ba. Kuma na cire safar hannun dama tun da safe, don waya ba ta jin yatsa a cikin safa. Muna tafe ta yi motsi a aljihun gaba, ta sake, ta sake. Na ce a raina ko Inna ce, bari in ɗan zaro in ga suna kawai. Na saki hagu, nauyin ya koma kan hannun dama da ba safa. Abin da ya faru ke nan, ba tsautsayi kawai ba. Ko Dogo bai gani ba, yana gaba.

Ina roƙonki abu biyu. Ki daina turo min komai. Kuma ki kira Amarya ki ce ta karɓe wayar nan ta fita da ita, ko zan yi faɗa kada ta saurare ni. Ni na kasa ce mata, don sai na faɗi dalili, kuma ina jin nauyin idonta. Ke tana jin maganarki. Ba zan iya ɗauko zancen nan a waya ba, ki yi min rai kada ki sa in maimaita.

Ina jira.

Auta


Litinin, mako na goma sha ɗaya

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Muna lafiya. Ku ma na san kuna lafiya, tunda koren ɗigonka bai taɓa yin zazzaɓi ba.

Litinin uku ke nan ina tare direba yana ce min ba saƙo. Wato an ba ka tara bisa goma ka ga ka gama makaranta? Kullum ina turo maka abin dariya, da farko kana maido min da 'yar fuskar nan mai dariya da hawaye, kwanan nan ko ita babu, ka gani ka yi gum. Na kira Amarya ta ce kana nan dai, ba ka son magana, ta ɗauka ko mun yi faɗa ne. Me na yi maka? Na yi ta zagaye a ɗaki kamar wadda ta ɓatar da makulli, har Baban yara ya ce in zauna ina sa shi jiri.

Yau da rana, don rashin abin karantawa, na sake ɗauko takardarka ɗaya tilo. Ina cikin dubawa sai idona ya tsaya a kan tawadar. Kowane layi ya ɗan goge, kuma gogewar daga hagu take tafiya zuwa dama, hannu yana bin bayan biro yana share abin da ya rubuta. Akwai yarinya a layin gaba a ajina, kullum haka littafinta yake, gefen hannunta shuɗi. Bahaguwa ce.

Auta, ka raina min hankali! Ni, da na cika baki rubutu ba ya min ƙarya! Na zagaya da takardar nan ɗakin malamai kamar wadda ta ci kofi! Ni na raba ka da hagu da hannuna, kuma ni ce na

Na ajiye biro a nan, an yi sallama.

Direba ne. Ya shigo yana sosa ƙeya, da ambulan a hannu duk ta yi baƙi da mai. Wai an kai motar wanki aka same ta a bayan kujera, ta zame daga inda yake saka takardu. Mako uku tana yawo da shi a hanya, ta zo garin nan sau uku ta koma. Ban ko iya yi masa faɗa ba.

Na karanta a tsaye. Na sake karantawa a zaune. 

Ka roƙe ni in daina, ni kuwa kullum ƙarfe sha ɗaya ina aiko maka da mutum ya faɗo daga keke. Ka ɗauka na karanta ne na amsa maka da wannan, ko? Ka ɗauka dariya nake maka, ko kuwa na ga abin bai kai a damu ba? Wallahi, Auta, ban gani ba sai yau. Kuma ni na kori Inna daga ƙofarka, ni na ce wa Amarya ta sassauta. Na tsaya ina sha'awar rubutu, ban tambayi wanda ya ga hannun da idonsa ba.

Na karya dokata na kira Amarya yanzun nan. Ban faɗa mata dalili ba, wannan naka ne, na dai ce ta karɓe wayar ta kai gidan 'yar'uwarta. Na ji muryarka a bayanta kana cewa wa ya aiko ta, sannan na ji ka ce ta ɗauka. Na kira Inna na ce ta koma bakin aikinta, kowace awa, ta zauna ta ƙirga da bakinta. Ta ce dama ita ba ta yarda da hutun nan ba.

Saura mako ɗaya da kwanaki. Ka roƙi Saja ta ƙara maka lokaci, ka faɗa mata gaskiya duka, ka ce yayarka ce ta ɓata lissafin.

Yanzu ni ce da tambaya. Ka ce sha ɗaya da minti ashirin. Ka ce ta yi motsi sau uku. Na koma baya a wayata, na yi ta ja har na kai ranar. Sha ɗaya da sha bakwai na tura maka bidiyo. Da sha takwas na rubuta, "Ka duba mana." Da sha tara na rubuta, "Auta kana ina, yanzu-yanzu nake so ka gani." Haka nake maka kullum, in ka yi jinkiri in ce ka zama babban mutum ka daina kula yayarka.

Mako goma sha ɗaya ban taɓa haɗa lokutan nan biyu ba. Ko wani ne ya kira ka a daidai lokacin? Ka faɗa min ko wane ne. Kada ka tausaya min, kuma kada ka rubuta da hagu.

Yayarka


Asabar, mako na goma sha huɗu

Yaya,

Sallama. Muna lafiya. Da hannun dama ne. Kwana huɗu nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da shi, da jinkirin ma. Na ƙi amsawa sai hannun ya iya da kansa.

E, na ɗauka kin karanta. Na ce tunda Yaya ma dariya take, to shi ke nan. Makonni ukun nan ban lanƙwasa yatsa sau ɗari ba gaba ɗaya. Ba laifin direba ba ne, kada ki cinye shi.

Kwana uku na farko ba waya na kusa haukacewa. Na yi wa Amarya tsawa, na zagaya ɗaki, na buɗe firji ya fi sau ashirin. A na huɗu na faɗa mata komai. Ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta min magana, sannan ta sayo agogon tebur mai ƙararrawa. Inna na zuwa da kujerarta. Tana ƙirgawa, in ta ga ban yi gumi ba ta ce ba ta ga na bakwai ba, a sake.

Saja ta ƙara min mako biyu. Jiya ta auna. Na tsakiya ya sauka, ya taɓa tafi. Na kusa da shi ma ya taɓa. Manuni ya tsaya a santimita biyu, kwana goma bai gusa ba. Ta ce tabon ya riga ya kama shi. Ta ce ana iya sake aiki nan gaba, amma kada in sa rai da yawa. Na ce da na yi tun farko fa? Ta mayar da rula aljihu ta ce, "Ka san amsar." Ta dafa kafaɗata, karo na farko.

Da manuni ake danna abin yanka. Na je shago na faɗa wa maigida da Dogo gaskiya. Dogo ya fita waje ya daɗe. Maigida ya ce in fara da awo, ɗaukar manyan gilashi kuwa ba yanzu ba, wataƙila ba har abada ba. Na gwada yanka da hagu a kan ɓaraguzai, hannun dama na danne rula. Biyar sun fashe, ɗaya ya fita. Da shi zan gyara tagar Amarya.

Tambayarki. Naki ne, duka ukun. Na gani a asibiti da Amarya ta goge jinin da ke kan wayar ta ba ni. Amma ke ba ki san ina ɗauke da gilashi ba, ni na sani. Gwangwani na bakin ƙofa na wuce shi. Hannun da ya saki nawa ne. Kada ki ƙwace min wannan, da shi nake tashi in ƙararrawa ta buga.

Abu ɗaya. Ban taɓa buɗe bidiyon ba. Na kalli dubbai ina kwance, wannan na kasa. Kuma yana damuna. Mene ne a ciki, Yaya, da ba zai jira ba?

Biron ya faɗi sau tara. A ba ni maki.

Auta


Litinin

Ƙanina,

Amin, wa alaikas salam. Muna lafiya. Ka gaishe da Inna da kujerarta, ka ce wa Amarya na gode, na gode.

Ban taɓa ganin rubutu mai muni kamar wannan ba. Layukan sun hau juna, wasu kalmomin sai da na kai taga na gane su, biron ya huda takarda a wuri uku. Ba inda tawada ta goge. Ban nuna wa kowa ba. Na ɗauki jan biro in ba ka maki, na kasa ganin takardar.

Hagun nan da na buge maka kana ƙarami, ka yafe min shi ma. Ka ci gaba da gwada shi. Yarinyar layin gaba na bar ta da nata.

Za a yi mana hutu ranar Juma'a, zan biyo direba, a gaban mota zan zauna in riƙe jakata da kaina. Ka ajiye min gyaran tagar sai na zo, ina so in gani. Wayata tana cikin durowar teburin aji tun ranar da ɓatacciyar takardarka ta iso, da safe nake kulle ta sai an tashi. Hutun sha ɗaya yanzu a bakin ƙofa nake yin shi, ban san me zan yi da hannuwana ba.

Ka tambaye ni, kuma na yi ta neman yadda zan faɗa ya yi nauyi, babu. Na buɗe na sake kallo don kada in yi maka ƙarya. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Kyanwa ce take tafiya a bakin bokiti, ta zame ta faɗa cikin ruwa, ta fito da gudu.

Shi ke nan abin da ke ciki, Auta. Kyanwar ma ba abin da ya same ta.

Yayarka